In Ka Mutu Ka Miƙa

A Mokoyo, lungun bayan injin niƙa,
gida biyu ne ke da abin.
Tamu Nintendo ce, in ji kwali,
ko da yake rubutun cikinta na Sin ne,
kuma a Jibiya Baba ya yi cinikinta
tare da tocila da atamfar Inna.
Ta su Tsahiru Sega ce, baƙa wuluk,
kawunsa direba ya ɗauko daga Kwatano
naɗe cikin tawul kamar jinjiri.

Ranar unguwa ta tsage biyu.
Ko kokawar takobi ba ta raba mu haka ba.

Tsahiru ya ce tasu sha shida ce, tamu takwas.
Sha shidan me? Bai sani ba.
Ni ma ban sani ba,
amma na kwana da takwas ɗin nan a maƙoshi.
Da safe na ce kaset ɗinmu guda,
wasa dubu tara ne a cikinsa.
Ban ce bakwai ne ke ta sake riga ba.
Ina jin ya sani. Ya bar ni.

Tasu akwai gudu, akwai launi,
naushi ya sauka ka ji a haƙarƙarinka,
maɓalli uku kamar duwatsun murhu.
Tamu sai da lallashi:
ka zare kaset, ka hura masa kamar mai tofi,
ka goge da bakin riga, ka mayar,
tele ta yi yayyafi, ta yi yayyafi,
kana ta washe.
In tiransifo ya ɗau zafi
mu kwantar da shi gindin randa ya sha sanyi.

Laraba da yamma babu lakwal.
Mu sha ɗaya kan tabarma guda,
warin ƙafa, garin ƙuli-ƙuli,
kowa na tuƙa iska da yatsa kafin layi ya zo.
Gida biyu, doka ɗaya:
rai uku gare ka, in ka mutu ka miƙa.

Tsahiru ba ya miƙawa.
Maɓalli ne ya maƙale.
Wani ne ya gitta.
Wannan ba mutuwa ba ce, gwaji ne.
Kuran kaɗai ke ƙwace maneti hannunsa,
in ya ɗauke, ɗif,
mu fito muna tsaki, ido na yaji,
mu tarar ashe magariba ta wuce.

Ƙanwata Baraka, da muke kora ta wanke kwanoni,
ita ta fara ganin ƙarshen wasan tankoki
wata Juma'a muna masallaci.
Mun yi shawara, 'yan Sega da 'yan Nintendo,
muka ce ƙarya take.
Sulhunmu na farko ke nan.

Shekara talatin, gardamar ba ta tsufa ba.
Duk sanda na bi ta rumfarsa a babbar kasuwa
sai ya ɗaga yatsu: takwas!
In ce masa: miƙo.

Bara, da damina, kan hanyar Dakwaro,
motarsu ta kauce wa rami.

Bayan addu'ar arba'in ƙanensa Zabeiru
ya zo da kwalin sabulu ɗaure da roba.
Ya ce a ƙarƙashin gado aka same ta,
gida kuma an ce ni na fi cancanta.

Telen yanzu ba ta da ramin wayarta.
Ɗana ya ce kar in damu,
duka biyun suna cikin salularsa,
kwance wuri guda, ba mai harara.
Ya nuna mini. Haka ne.
Shi kaɗai yake yi, ba mai jiran layi.

Na ɗauki manetin.
Maɓallin tsakiya ya lotsa, harafin ya goge,
daidai faɗin babban yatsan Tsahiru.
Na ɗora nawa.

Malam, wannan karon ka bi doka.
Ni ne ban shirya karɓa ba.